Rakiya Har Bakin Titi

A wajenmu idan dangin mijinki suka ce za su kai shi gida, ba sai an yi miki fassara ba. Sun dube shi ne sun ga ba mai tashi ba ne, gara ya cika a ƙauye cikin 'yan'uwansa, a haƙa masa kusa da ubansa. Wannan maganar ce Baba Benjamin, yayan mijina, ya kawo mini har tsakar gidana a unguwar Romi a Kaduna, a makon Ista na shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki.

Sunana Ladi. Mijina Matthew ne, amma ni Baban Damaris nake ce masa, da sunan 'yarmu ta fari da ke aure a Jos. Tun yana saurayi yake aiki a wata masaƙa a Kakuri, a ɗakin da inji ke tsefe auduga. In ya dawo daga aiki sai ka ce a injin niƙa ya wuni, har gashin girarsa fari. Tari ya fara da shi, muka ce mura ce. Daga baya numfashi ya riƙa yi masa wuya in ya hau keke, sai keken ya gagara, sai aikin ma ya gagara. A asibiti likita ya ce ƙurar auduga ta ci huhunsa, kuma abin da ya lalace ba zai gyaru ba. Ya ba mu maganin da ake fesawa a baki, muka dawo gida.

Gidan nan kuwa, duk wanda ya san Matthew ya san abin da yake a wajensa. Shi ya buga bulonsa da hannunsa, ɗaki bayan ɗaki, ran da ba shi da aiki. Shi ya dasa mangwaron da ke tsakar gida tun unguwar tana gonar rogo. In baƙo ya zo, kafin a ba shi ruwa sai an zagaya da shi an nuna masa inda aka fara aza harsashi, ni har kunya nake ji.

Da muka dawo daga asibiti, abin da kowa ke yi wa marar lafiya shi muka yi masa. Muka kwantar da shi. Aka rufe taga kada iska ta buge shi. Na dawo da murhuna baranda, daidai ƙarƙashin tagarsa, don in ji shi in ya yi tari. Ruwa a kai masa, tuwo a kai masa, ko takalmi ba ya sa wa kansa. Matan Zumunta daga coci su zo ran Alhamis su cika ɗakin da waƙa da addu'a, in ya yunƙura zai tashi ya gaishe su sai su haɗa baki, "Kwanta, Baba, kwanta, kada ka wahalar da kanka." Maƙwabciyata Comfort ita ce shugabar masu cewa kwanta. Kafin Ista ƙafafunsa sun zama kamar sillen kara, daga gado zuwa bayan gida sai ya tsaya ya dafa bango yana haki.

A haka Baba Benjamin ya same shi. Ba zan ɗora masa laifin da bai yi ba, mutumin nan yana son ƙanensa. Tsoho ne manomin citta, dogo, marar yawan magana. Ya zauna a bakin gadon ya daɗe yana kallon ƙafafun nan, sannan ya fito ya same ni a baranda.

"Ladi, kin yi ƙoƙari," in ji shi. "Amma ya isa haka. Idan an gama shuka zan zo da mota in kai shi gida."

"Baba, nan ma ai gida ne."

"Nan gari ne. Na goya shi yana yaro na ƙetare rafi da shi zuwa makaranta. Yanzu ma ni zan goya shi, ba zan bari a kawo mini shi a akwati ba."

Bakina cike yake da magana, amma na haɗiye. Wanda ya san ni ya san haɗiye magana ba halina ba ne, ko mai kifin kasuwar Sabo zai ba ka labari. To amma mace ba ta musu da yayan mijinta a kan ɗan'uwansa. In na ce a'a, gobe a ƙauye za a ce Ladi ta riƙe musu mutum don ta ci gida. Mutum ɗaya ne kawai zai iya ce wa Baba Benjamin a'a, shi kuma yana kwance ko gaisuwa ba ya iya gamawa da numfashi ɗaya.

Da Baba Benjamin ya tafi na shiga ɗaki, na tarar Matthew ya juya fuska bango. Ashe duk ya ji.

"Maman Damaris," ya ce, yana yanka maganar gunduwa-gunduwa, "ba na so a fitar da ni daga gidan nan a kafaɗa."

Na fita bayan ɗaki na yi kukana, na wanke fuska, na dawo na tuƙa tuwo.

Ran Litinin na je asibiti karɓo magani. A kan layi na zauna kusa da wata mata mai farar riga, ita ma tana jiran wani abu, ta ga idona ta tambaye ni lafiya. Ni kuwa dama neman wanda zan zazzage wa nake yi. Ashe ma'aikaciyar sashen gashi ce, inda ake koya wa masu shanyewar jiki da masu karaya motsa gaɓoɓi. Sunanta Sista Scholastica, 'yar Filato, gajeriya mai murya kamar ta hedimasta. Ta ce a Kamazou take zaune, Romi ba nisa, za ta leƙo mu ran Asabar.

Ta zo a kan acaɓa. Ko zama ba ta yi ba, ta wuce ta buɗe tagar nan da muka yi wata da watanni muna rufewa. Ta leƙa ta ga murhuna a ƙarƙashi, ta juyo ta dube ni.

"Madam, naman ne kike ƙyafewa ko mijin?"

Raina ya ɓaci, a gidana, a gaban mijina. Na buɗe baki zan mayar mata, sai na ji wani abu daga gado. Matthew ne ke dariya, dariyar ta koma tari, amma dariya ce. Rabon da in ji ta har na manta, don haka na ƙyale ta na je na kwashe itacena.

Ta auna shi, ta saurari ƙirjinsa, ta sa ya fesa maganinsa a gabanta. Ashe ma ba daidai yake fesawa ba, duk a kan harshe yake ƙarewa. Ta gyara masa. Sannan ta ja kujera ta zauna ta yi mana bayani dalla-dalla.

"Baba, ba zan yi maka ƙarya ba, huhun nan ba zai koma sabo ba. Amma ba huhun kaɗai ya kwantar da kai ba, har da gadon nan. Kana jin haki sai ka kwanta. Kana kwanciya ƙafa na mutuwa. Ƙafar da ta yi laushi kuwa ta fi mai ƙarfi cin iska, sai hakin ya ƙaru, sai ka ƙara kwanciya. Huhun ba hannunmu a kai, amma ƙafa da hannu namu ne, za mu iya tashe su."

"In numfashin ya ɗauke fa?" Ni ce na tambaya.

"Hakin tafiya ba ya kashe shi. In ya ji ciwo a ƙirji, ko jiri, ko leɓensa ya canja launi, ya tsaya. In zazzaɓi ya zo ko kakin ya canja, ku wuce asibiti. In haki ne kawai, ya tsaya ya huta ya ci gaba. Ke kuma aikinki ya fi nasa wuya. Ki daina miƙa masa abin da zai iya ɗauka."

Ta koya masa yadda zai yi da hakin. Ya shaƙi iska ta hanci kamar mai sansanar miya, ya tsuke baki ya fitar da ita a hankali kamar mai hura kunu mai zafi. In ya ƙure, kada ya miƙe ƙiƙam yana kokawa da iska, ya sunkuya gaba ya dafa wani abu, bango ko bayan kujera, ya saki kafaɗunsa ya yi ta hurawa har abin ya lafa. Ta sa na cika kwalaben lemo biyu da yashi don ya riƙa ɗagawa. Ta sa ya tashi daga kujera ya zauna, ya tashi ya zauna. Ranar dai da ƙyar ya kai bakin ƙofar ɗaki ya dawo.

Haka muka fara. Da safe in rana ta ɗan ɗaga, ya yi hurawarsa, ya ɗaga kwalabensa, sannan tafiya. Makon farko gindin mangwaro ne iyakarsa. Daga nan ƙofar gida. Daga nan rijiyar da ke gaban gidan Comfort. Ni ina biye da shi da kujerar roba a ka, in ya ƙure in ajiye masa. Abinci na daina tula masa, don in ciki ya cika ƙirji ba ya samun wuri, sai kaɗan-kaɗan sau da yawa. Maganin sauro mai hayaƙi na jefar, na ɗaura gidan sauro. Sista Scholastica tana leƙowa duk Asabar, ta duba, ta ƙara masa nisa, ta sha kunun zaƙi ta tafi.

Wahalar da ta faɗa kuwa gaskiya ce. Mutum na zaune yana cewa, "Maman Damaris, miƙo mini ruwa," randa tana can taku kaɗan, ke kuma ki ce, "Ga randa can." Hannuna har ƙaiƙayi yake yi. Sai na koyi ɗaure hannuwana a baya cikin zane, kamar ɗan sanda a bakin ƙofa.

Unguwa kuwa ta samu abin yi. Wata safiya ina biye da shi da kujera, Comfort ta fito daga gida da tsintsiya a hannu ta tare ni.

"Ladi, ki ji tsoron Allah. Bawan Allahn nan da ƙyar yake shan iska, kin fito da shi kina kora shi kamar akuya. Me ya yi miki?"

"Magani ne, Comfort."

"Wane irin magani ne ba a sha, ba a shafawa? Jiya na ji kin ce ya ɗebi ruwa da kansa. Mu dai ba haka aka koya mana riƙon miji ba."

"To naki da kika riƙe da kyau, yana ina?"

Mijinta ya koma Legas tun shekarun baya bai sake waiwayo ba. Na san maganar ta yi zafi, kuma ba zan ce miki ban ji daɗin faɗarta ba. Daga ranar ta daina gaishe ni. Ran Alhamis a Zumunta aka sa ni cikin addu'a, wai Allah ya tausasa zuciyar wata 'yar'uwa a cikinmu. Na ce amin da ƙarfi fiye da kowa. Ban daɗe ba na ji labari ya kai ƙauye, cewa Ladi tana gaggauta wa Matthew tafiya, wai gara Baba Benjamin ya hanzarta zuwa.

Ana cikin haka ruwan sama ya ba shi kashi wata rana a bakin rijiya, zazzaɓi ya kama shi, kaki ya koma kore. Muka wuce asibiti kamar yadda aka ce mana. Ya sha magani ya warke, amma kusan duk abin da muka tara ya zube. Ya koma gado, ya ce shi fa ya gama. Sista Scholastica ta zo ta ce wannan ba sabon abu ba ne, haka ciwon yake, a sake farawa daga ƙofar ɗaki. Ya ce mata ya gode, ya juya fuska bango. Kwalaben yashi suka yi kwanaki a ƙarƙashin gado ba wanda ya taɓa su.

Na lallashe shi, na roƙe shi, na karanta masa Zabura. Bai motsa ba. Ran nan haƙurina ya ƙare. Na janyo tsohon akwatinsa na ƙarfe, wanda ya zo Kaduna da shi yana saurayi, na dire shi a bakin gado har ƙasa ta amsa. Na fara zuba kayansa ciki, rigunan coci, hula, Littafi Mai Tsarki.

"Me kike yi haka?"

"Ina haɗa maka kaya. An kusa gama shuka. Tunda ka zaɓi kafaɗa, gara su zo su same ka a shirye."

"Ladi." Rabon da ya kira sunana tun muna saurayi da budurwa.

"Mangwaron ma zan sa a sare, ya cika mini gida da ganye."

Wallahi ban san lokacin da ya sauko da ƙafafunsa ba. Ya miƙe yana haki, idonsa jajur, ya nuna ni da yatsa yana son ya zage ni iska ta ƙi isa. Sai na ga ya sunkuya ya dafa kan gado, ya tsuke baki yana hurawa, yana hurawa, har ya samu ta magana.

"In kika taɓa icen nan, ke za ki riga ni barin gidan."

Na ce na ji. Na ɗauki kujerar roba na ɗora a ka na tsaya a bakin ƙofa. Ya harare ni, ya zura takalmansa da kansa, ya wuce ni. Akwatin kuwa ban ɗauke ba, na bar shi nan a bakin gado yana kallonsa safe da yamma.

Wannan karon ya fi saurin dawowa. Ya wuce rijiya, ya wuce shagon mai gyaran rediyo, har ya kai falwayar da aka manna wa fostar wani ɗan takarar kansila, wanda ya yi mana alkawarin kwalta, ruwa kuma ya wanke masa rabin fuska. Nan ne iyakarsa. Daga falwayar zuwa bakin titi hawa ne, ga zaizayar ruwa ta yanka hanyar ta bar duwatsu a waje. Mai lafiya ma sai ya yi nishi. Sau biyu ya gwada, sau biyu yana dawowa daga tsakiya.

Baba Benjamin ya zo ran Asabar ɗin da sojoji suka miƙa mulki. Ba zan manta ba, don kowane gida rediyo ne a kunne, ana ta busa ƙaho da fareti daga Abuja. Ya zo da akori-kurar wani ɗan garinsu, Samuel, da ya kawo citta Kaduna zai koma wayam. Motar ba ta iya gangarowa layinmu ba saboda zaizayar, suka bar ta a bakin titi. Samuel ya ce mini sun shimfiɗa katifa a baya, in an shirya shi da Baba Benjamin za su ɗora marar lafiyar a kujera su haura da shi.

Suka shigo suka tarar da Matthew zaune a gindin mangwaro, cikin kaftaninsa na coci, da hula. Baba Benjamin ya ɗan tsaya, don a gado ya bar shi. Amma tsoho ya riga ya yanke shawara tun daga gida, kuma ga abin da aka gaya masa a kaina. Gaisuwata ma da ka ya amsa. Na kawo musu tuwon acca da miyar karkashi, suka ci, aka tambayi mutanen gida, aka yi maganar ruwan bana. Da suka wanke hannu sai ya dube ni.

"Ladi, kin haɗa kayan?"

"Suna cikin akwati, Baba."

Matthew ya dafa gwiwoyinsa ya tashi, ba wanda ya taimake shi. Ya je ya ɗauki jakar yayansa da ke jingine da icen, ya rataya a kafaɗa.

"Yaya, rana tana yi, hanyarku da nisa. Tashi in raka ka."

Kowa ya gane abin da ya faɗa. Mai gida ne ke raka baƙo, ya riƙe masa jaka har inda zai hau mota, sannan ya juyo gidansa. Baba Benjamin ya dube shi daga hula har takalmi.

"Matthew, kada ka yi wasa da ranka don ka faranta wa mace."

"Ba don ita ba ne. Ka zo gidana, ka ci tuwona. Ban taɓa barin ka ka fita kai kaɗai ba."

Tsohon ya ɗauki sandarsa.

"To. In ka kai titi da ƙafarka, ka raka ni. In ka faɗi a hanya, na ɗauke ka, kuma ba wanda zai ƙara ce mini komai."

"Na yarda."

Ni kuwa na san inda ƙafarsa ta saba tsayawa. Na kai hannu zan ɗauki kujerar roba, Matthew ya girgiza mini kai. Mai rakiya ba ya tafiya da kujera. Na mayar da hannuwana baya na cusa cikin zane, na bi su.

Ya fita a hankali, ba gaggawa, yana shaƙa ta hanci yana hurawa ta baki, jakar tana bugun kwiɓinsa. Baba Benjamin na gefensa, Samuel na bayansu da hannuwa a buɗe kamar mai jiran ƙwarya ta faɗo. Kafin mu kai rijiya layin ya cika. Masu sauraron rediyo suka bar rediyo. Comfort ta fito ta tsaya a ƙofarta ta rafka tagumi, tana cewa, "Wayyo, bawan Allah," yadda zan ji. Ban ko kalle ta ba.

A falwaya ya tsaya, ya dafa ta da hannu biyu, daidai kan rabin fuskar kansila, ya sunkuya yana hurawa. Samuel ya matso, na ce masa, "Bar shi, hutawa yake yi." Da ya samu kansa ya ɗago ya dubi hawan nan, ya gyara jakar, ya sa ƙafa.

Ya wuce inda ya tsaya karon farko. Ya wuce inda ya tsaya karo na biyu. Sai na ji numfashinsa ya canja, ya fara fita da ƙara, kafaɗunsa suna hawa har kunne. Ya tsaya cak a tsakiyar hawan. Wurin ba bango, ba ice, ba falwaya, ba abin da mutum zai dafa. Na ga idonsa yana neman abin kamawa, na ga tsoro ya fara shigarsa, kuma na san in tsoro ya shiga hurawar za ta watse. Na dubi leɓensa, launinsu bai canja ba. Ƙafafuna suka ce in ruga, na danne su. In na taɓa shi a gaban mutanen nan, an gama, za a ce faɗuwa zai yi na tare.

Baba Benjamin ya yar da sandarsa. Tsohon nan mai furfura ya sha gaban ƙanensa, ya juya masa baya, ya durƙusa a kan duwatsu.

"Hau, Matthew," ya ce. "Ya isa. Hau in kai ka."

Matthew ya dubi bayan nan da aka goya shi a kai yana yaro. Ya sunkuya ya ɗora tafukansa biyu a kai. Na ji mata a bayana sun ce shi ke nan. Amma ƙafafunsa suna ƙasa, bai ɗaga ko ɗaya ba. Ya saki kafaɗunsa, ya tsuke baki, ya fara hurawa a kan ƙeyar yayansa, a hankali, a hankali, kamar yadda yake yi da bayan kujera a gida. Baba Benjamin yana jiran nauyi, nauyi bai zo ba. Ya zauna a durƙushe bai motsa ba, ina jin ya gane. Ƙarar ƙirjin ta ragu, kafaɗun suka sauka.

Matthew ya ɗan bubbuga bayan.

"Na gode, Yaya. Tashi mu je, kada ka yi dare."

Shi ya sunkuya ya ɗauko wa tsohon sandarsa. Sauran hawan ban san yadda aka yi shi ba, don idona ya cika da ruwa, ban share ba kuma saboda hannuwana na cikin zane. Na dai ji ƙarar motoci tana matsowa, sai na ga takalmansa a kan kwalta.

Ya jingina da akori-kurar ya huta son ransa. Ga katifa a shimfiɗe a baya, har da matashi da bargo, da laima an ɗaura kada rana ta dame shi. Ya dube ta, ya sauke jakar daga kafaɗarsa ya ɗora a kai.

"Ka gaida gida, Yaya. Ka ce musu muna nan zuwa Kirsimeti, ni da Maman Damaris. A ajiye mini gaban mota."

Baba Benjamin ya ciro hankici ya fyace hanci, ya daɗe yana goge fuska. Ya ce wa Samuel ya naɗe katifar nan kada ruwa ya jiƙa ta. Sannan ya juyo wajena, ya dube ni ido cikin ido, abin da bai yi ba tun zuwansa.

"Ladi, sannu da aiki."

"Yauwa, Baba."

Ba zan ɓoye ba, kaina ya yi girma a wurin nan har na ji ɗankwalina ya matse ni. Na so a ce duk Zumunta suna tsaye a bakin titin.

Tsohon ya buɗe ƙofar mota, ya sa ƙafa ɗaya, ya tsaya. Ya kama hannun ƙanensa ya faɗi abin da kowane baƙo ke faɗa wa mai gida.

"To, Matthew, rakiyar ta isa haka. Koma gida."

Muka tsaya har motar ta sha kwana. Komawa gangara ce, amma duk da haka sai da ya huta a falwaya, ya sake hutawa a rijiya. A nan Comfort ta fito da kujera daga gidanta ta ajiye masa, ya zauna ya yi mata godiya, ni ma na yi mata. Da muka kai ƙofar gida na ce ya yi a hankali da dakalin. Ya ce ya san dakalinsa, shi ya gina shi, in wuce gaba in kwashe kayan nan daga akwati in mayar da shi ƙarƙashin gado, ya gaji da ganinsa.